Kafso a Shayin Bibi Anzurat

Ranar da aka raba maganin, laka ta kai idon sawu a harabar ɗakin shan magani na ƙauyen. Ƙanƙarar kan duwatsu ta fara narkewa, ruwan kwatar ban-ruwa da ta ratsa unguwa ya rine ya yi jajir, kuma kowa ya san abin da ke biyo bayan haka. Bara war haka taifot ya shiga ƙauyen da ke gangare da su, ya kwantar da gidaje, ya tafi da yara. Shi ya sa da aka ce an kawo rigakafi na haɗiya, ba na allura ba, mata suka cika wurin tun ba a buɗe ƙofa ba.

Sabohat tana daga can baya, riƙe da hannun 'yarta Nozanin mai shekara takwas. Ita ke nan gare ta. Mijinta Daler yana Rasha wurin aikin gini, sai tsakiyar sanyi yake leƙowa ya koma. Ita kuwa tana zaune da uwarsa, Bibi Anzurat, kamar kowace kelin, wato matar ɗa, a gidan miji: shara tata, tanderu nata, zuba shayi nata.

Mawjuda, malamar asibitin, ta hau dakali ta ɗaga katin maganin sama. Mace ce mai jiki da murya, ita kaɗai ke zagaya ƙauyukan kwarin duka.

"Ku buɗe kunne, don maƙogwarona ba na gwamnati ba ne. Kafso uku ne. Yau a sha, gobe a huta, jibi a sha, haka har su ƙare. Da safe, ciki ba komai, sai an jima a karya. A haɗiye shi yadda yake, kar a tauna, kar a fasa. Da ruwan da aka tafasa ya huce sarai. Ban da shayi! Abin da ke ciki rayayye ne, zafi kashe shi yake."

"Rayayye?" in ji wata daga gaba. "Wato tsutsa za ki ɗura wa 'ya'yanmu?"

"Tsutsa ai naki sun daɗe da ita, Gulandom, ba sai na kawo musu ba."

Aka kwashe da dariya.

"To a ina za mu ajiye? Firijinmu sai an kawo wuta yake tuna aikinsa."

"Tsakanin gilasan taga, ɓangaren da rana ba ta bugawa. Sanyi bai tafi ba tukuna. Da son raina ne ni zan riƙa ba su da hannuna, amma ruwa ya ci gadar sama, sai na zagaya ta bayan dutse. Ku ne iyayensu, ku yi yadda na ce."

Sabohat ta karɓi nata, ta maimaita maganar a zuci har gida. Ta sa katin a tagar ɗakin baƙi, inda ba a hura wuta, ta tafasa ruwa ta rufe a kofi ya kwana.

Da safe ta zaunar da Nozanin, ta ɓallo kafso ɗaya. Ba ta kai ga miƙa mata ba Bibi Anzurat ta shigo da carbi a hannu.

"Mene ne wannan, kelin?"

"Rigakafin Nozanin ne, Oca." Haka take kiran uwar mijin, wato Mama.

Tsohuwar ta taɓa kofin da bayan yatsa, ta karɓi kafson ta juya shi a tafin hannu.

"Sanyi kamar hancin kare. Wannan za ki tura a cikin yarinyar da ta kwana tana tari? Ki bi shi da ruwan sanyi, ciki ba komai?"

"Mawjuda ce ta ce…"

"Mawjuda! A gabana aka haifi Mawjuda. Da majina a hanci na san ta."

Ba wanda bai san tsakanin Bibi Anzurat da ruwan sanyi ba. Duk kwarin ma haka ake, ko tsakiyar zafi shayi ake sha, yaro in ya kurɓi abu mai sanyi sai an yi masa faɗa. Amma nata ya fi na kowa. Tana da ɗa kafin Daler, sunansa Firdaws. Wata rana ya dawo daga gonar auduga yana gumi, ya durƙusa a bakin kwata ya sha ya ƙoshi. Bayan 'yan kwanaki zazzaɓi ya kama shi, bai tashi ba. Tun daga nan ta yanke cewa sanyin ruwan ne ya kashe shi, kuma ba a taɓa samun wanda ya iya ce mata wani abu daban ba.

Ta zauna a gaban shimfiɗar abinci, ta jawo kwanon shayin madara, mai gishiri da man shanu, yana ta tururi. Ta sa farce ta raba kafson biyu, ta zazzage farin garin a ciki, ta juya da cokali.

"Zo nan, tsinken tsintsiya."

"Bibi, an ce fa haɗiyewa ake yi."

"An ce, an ce. In aka ce ki haɗiye cokali sai ki haɗiye? Wannan wuyan naki kamar na ɗan tsako, ina zai wuce? Sha da zafinsa, ya ratsa ki."

Nozanin ta yi dariya. Dama tun jiya take tsoron kafson. Ta gutsura gurasa a ciki ta shanye tas, har da lashe baki.

Sabohat tana tsaye da kofin ruwanta. Maganar tana bakinta, a shirye: zafi kashe shi yake. Kalma huɗu ce. Amma tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa mayar wa tsohuwar magana ba. In ta miƙa shayi, hannu ɗaya a ƙirji take miƙawa. In an yi mata faɗa, ƙasa take kallo. Haka uwarta ta yi, haka aka faɗa mata ranar da za a fito da ita. Ta ce a ranta, ɗaya ne ya lalace, saura biyu, za ta ba ta a ɓoye.

"Ina sauran?" in ji Bibi.

Ta ɗauko ta kawo. Tsohuwar ta naɗe katin a ƙyalle, ta tura shi ƙarƙashin katifar da ke jingine da murhun ɗaki.

"Nan zai zauna ya yi ɗumi. Ke aiki ya yi miki yawa, mantawa za ki yi."

Tsohuwar kam ba ta manta ba. Jibi da sassafe ta tashi jikarta, ta fasa na biyu a shayi. Ta tsallake kwana, ta fasa na uku, har da addu'a ta tofa a kwanon. Abin da ya fi damun Sabohat ke nan: da sakaci ne, da ta san yadda za ta ji haushi.

Ta yi tunanin komawa wurin Mawjuda ta roƙi wani. Amma maganin da lissafin kawuna aka kawo shi, kuma sai ta faɗi dalili. In ta faɗa, kafin ta iso gida maganar ta riga ta isowa: kelin ɗin gidan Anzurat ta kai ƙarar uwar mijinta asibiti. Daler ya kira a waya, ya tambayi ko an ba yarinya rigakafi. Uwarsa tana zaune a gefe. Sabohat ta ce an ba ta.

Sai ta koma lallashin kanta. Wataƙila zafin bai kashe duka ba. Wataƙila Mawjuda ta ƙara gishiri ne don a kiyaye. Ta dage da tafasa ruwa, ko na wanke tuffa sai ta ɗora a wuta. Ta riƙa cika wa Nozanin gora in za ta makaranta. Amma yara in sun taso, a bakin kwata suke tsayawa su sha da tafin hannu, kuma ba uwar da ke wurin.

Lokacin da itatuwan tuffa suka yi fure, Nozanin ta dawo ta ce kanta yana ciwo. Ta ture abinci. Washegari jikinta ya yi zafi, da yamma ya ƙaru, gari ya waye bai sauka ba.

Su biyu suka kai ta ɗakin shan magani. Harabar cike take da masu tari da atishawa, wasu yara kwance a cinyar iyayensu. Mawjuda ta rame, muryar ma ta dushe. Ta sa wa yarinyar ma'aunin zafi, ta duba harshenta, ta danna cikinta.

"Ta sha rigakafin?"

"Duka uku," in ji Bibi Anzurat. "Da hannuna na ba ta. Ko kwana ban kuskure ba."

"Madalla, Hola. Da kowa irinki ne da na huta." Hola suke kiran kowace dattijuwa. Mawjuda ta sauke numfashi. "To da sauƙi. Mura ce ke yawo, rabin makaranta na kwance. Ko wanda ya sha yakan kamu da taifot, amma ba shi zan fara zargi ba. Motar da ke kai jini gwaji a birni ta cika da waɗanda ba su sha ba. Ga maganin zazzaɓi. In bai sauka ba ku dawo."

Sabohat ta ɗaga kai. Mawjuda tana kallonta, kamar mai jiran ko akwai ƙari. Ƙofa a buɗe take, Gulandom da wasu mata suna bakin ƙofar, kunnuwansu a ciki. Tsohuwar tana gyara wa jikarta ɗankwali, fuskarta ɗauke da daɗin yabon da aka yi mata.

"Mun gode," in ji Sabohat.

Zazzaɓin bai sauka ba. Kullum sai ya ɗara na jiya, kamar mai hawa tsani. In an ba ta ƙwaya ya ɗan lafa, sai Bibi ta ce ga shi nan yana tafiya. Ta yi wa ɗakin hayaƙin ganye saboda baki, ta shafa mata kitsen rago a ƙirji, ta lulluɓe ta da bargo kan bargo. Ba ta barci, ba ta ci. Duk lokacin da Sabohat ta leƙa, za ta same ta zaune tana goge wa yarinyar goshi, tana kiranta da sunayen tsokana ko za ta yi murmushi.

"Tashi mana, tsinke. Wa zai sace mini sukari in kina kwance?"

Nozanin sai dai ta buɗe ido ta kalli silin. Leɓɓanta sun tsage, harshenta ya yi fari.

"Oca, ko mu mayar da ita?" in ji Sabohat.

"A fito da ita cikin wannan iskar? Ba ki ji abin da aka ce ba? Mura ce. Gumi kawai take jira."

Kullum Sabohat tana cewa gobe. In gobe bai sauka ba, za ta je ita kaɗai ta faɗa. Goben ta zo, sai a ga kamar da ɗan dama, sai ta ƙara wata goben.

Ran nan da hantsi tana tsugune a bakin tanderu, ta manna gurasa ke nan a bangonsa, ta ji ihu daga ɗaki. Ba irin kukan da ta sani ba ne. Ta shiga ta tarar da yarinyar ta naɗe ƙafafu zuwa ƙirji, fuskarta ta yi toka-toka, gumi mai sanyi yana tsattsafo mata. Ta sa hannu a cikinta ta ji shi tauri kamar katako. Nozanin ta ƙara ƙwalla ƙara.

"Ga gumin nan ya zo," in ji Bibi.

Sabohat ta miƙe zumbur. Ta fita da garin alkama a hannu, ba mayafi, ta bi ta cikin laka da gudu. Ta samu Mawjuda tana ɗaure wa wani tsoho ƙafa, ta kama hannun rigarta ta jawo ta. Da suka iso, ƙaurin gurasa ya cika tsakar gida.

Mawjuda ta durƙusa, ta yaye bargunan, ta taɓa cikin sau ɗaya. Fuskarta ta canja.

"Tun yaushe?"

"Yanzu."

"Zazzaɓin nake nufi. Tun ranar bai sauka ba? Kuka zauna?" Ta girgiza kai. "Wannan ba mura ba ce. Yarinyar da ta sha rigakafi…"

"Ba ta sha ba."

Sabohat ta ji muryar kamar ta wata. Ba ta kalli tsohuwar ba.

"Fasa shi aka yi, aka juye a shayi mai zafi. Duka ukun. Biyu ma a jikin murhu suka kwana."

Yarinyar tana ta nishi.

"Sanyi ne da shi," in ji Bibi Anzurat a hankali. "Tana tari. Ɗumama mata na yi."

"Wayyo, Hola." Mawjuda ta rufe ido. Sannan ta juyo kan Sabohat. "Ke kuma kina tsaye a gabana ranar nan. Na kalle ki. Kika ce kin gode."

Ba ta jira amsa ba. Ta fita ƙofar gida tana ƙwala wa maƙwabcinsu Hikmat kira ya fito da mota, ko babu mai ya nemo.

Hanyar birni ramuka ce, kowane rami sai yarinyar ta yi ƙara, daga baya ta daina yi, wannan kuwa ya fi muni. A babban asibiti likita ya duba ta a tsaye, ya ce taifot ne ya ci hanjin har ya huje, sai an yi aiki yanzu. Aka tura gadon, ƙofa ta rufe.

Suka zauna a kan benci, da tazarar mutum ɗaya a tsakaninsu. Rana ta shigo ta taga ta kwanta a ƙasa, tana jan jiki a hankali. Masu jinya suna wucewa da kwanuka. Can tsohuwar ta yi magana, idonta a kan bango.

"Da gaske zafin ne ya kashe maganin?"

"Haka aka faɗa mana ranar rabo."

"Kin sani tun safiyar farko?"

"Na sani, Oca."

Carbin ya tsaya a hannunta.

"Da kin buge mini hannu, kelin."

Sabohat ta kalli garin da ya bushe a yatsunta. Ta san abin da zai faru da ta buge hannun: da Daler ya ji kafin azahar, da 'yan'uwansa mata sun zo, da wataƙila yanzu tana gidan ubanta, yarinyar kuma tana hannun kakarta. Tsohuwar ma ta sani. Ba wadda ta faɗa. Kuma duk da haka, in aka ɗora wannan a gefe ɗaya, aka ɗora ƙofar ɗakin aikin can a ɗaya gefen, Sabohat ta kasa gane yadda aka yi ta ga na farkon ya fi nauyi.

Da la'asar likitan ya fito yana cire hula. Ya ce sun yanke wurin da ya lalace sun ɗinke, tana numfashi, sauran sai abin da Allah ya yi. Bibi ta miƙe ta tare shi.

"Likita, da ta sha yadda aka ce, da ba ta kamu ba?"

"Ba zan rantse miki ba, Hola. Yana karewa, amma ba kowa ba. Abin da na sani shi ne, da an kawo ta tun makon farko, ƙwaya kawai za ta sha ta tashi. Jinkirin ne ya kai mu ga wuƙa."

Ya wuce. Tsohuwar ta koma ta zauna. Sabohat ta kasa zama.

Nozanin ba ta mutu ba. Ta daɗe a asibiti, ɗinkin ya yi ruwa aka sake buɗewa, aka yi ta ƙarin ruwa har jijiyoyin hannunta suka ɓuya. Daler ya yi ta kira, ya yi ihu, ya yi kuka, ya rasa wadda zai ɗora wa laifi tsakanin uwarsa da matarsa, daga baya ya koma tambayar jikin yarinyar kawai ya kashe. A ƙauye kuwa magana ta rabu: wasu suka ce tsohuwa ta kusa kashe jikarta, wasu suka ce wace irin kelin ce za ta tona uwar mijinta a gaban baƙuwa. Ba wanda ya tambayi Sabohat.

Sai da inabi ya fara nuna aka sallamo su. Yarinyar ta dawo kamar a hure ta, gashinta ya zube ya bar fili-fili, ga tabo tun daga cibiya har ƙasa. Tafiya kaɗan sai ta nemi wurin zama. Shekarar makaranta ta wuce ta.

Gidan ya koma yadda yake, sai abu ɗaya. Bibi Anzurat ta daina ba jikarta komai da hannunta. Ba ta gutsura mata gurasa, ba ta ɓare mata rumman, sukarin da take ɓoye mata a aljihu ma ta daina. Ba faɗa, ba gaba. In Sabohat ta miƙa mata shayi ta karɓa ta yi godiya, abin da ba ta taɓa yi ba, kuma godiyar ta fi faɗan ciwo.

Wata safiya suna zaune a inuwar inabi. Sabohat ta kawo fate mai ruwa-ruwa irin wanda likita ya ce, ta ajiye tukunyar a gaban tsohuwar, ta koma ɗauko cokula. Nozanin ta ja jiki ta matsa kusa da kakarta, ta miƙa kwanonta.

"Bibi, zuba mini."

Tsohuwar ta kalli ludayin. Hannayenta suna kan cinyarta, ba su motsa ba.

"Bibi, yunwa fa nake ji. Ko kin tsufa ne ba kya ji?"

"Jira uwarki."

"Ni ke nake so ki zuba. Fushi kike da ni don na yi ciwo?"

Sabohat tana bakin ƙofa da cokula a hannu. Ta buɗe baki za ta ce, zuba mata, Oca, ba komai. Tsohuwar ta ɗago ta kalle ta, ta girgiza kai kaɗan.

"Zo ki duba, kelin," ta ce. "Ni ban san ko ya yi zafi da yawa ba."

Sabohat ta zo ta durƙusa, ta karɓi kwanon daga hannun 'yarta, ta zuba.